Siffar Kwalekwale Da Halin Ruwa: Abin Da Ke Sa Wani Jirgi Ya Haye, Wani Ya Kife

Mubi, Jihar Adamawa. Mutumin da ya tashi a Duvu, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, ya fi sabawa da dutse da kwari a kan babban ruwa. Kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi yakan janye da rani har yashi ya fito fili, sai damina ta kankama ya cika ya nufi arewa, wajen Bama da tafkin Cadi. Amma fatauci da karatu da zumunci sukan kai mutanen wannan yanki Yola da Fufore da Numan, inda Binuwai yake, kuma a can akwai ƙauyuka da gonaki da kasuwannin da ba a isa gare su da damina sai ta kwalekwale.

Baƙon ruwa yakan iso mashiga ya tarar da jirage a jere: wani dogo siriri, wani gajere mai faɗi, wani sassaƙen gungume ɗaya, wani haɗin katako mai inji a gindi. A idonsa duk ɗaya ne, wanda ya riga cika shi zai riga tashi. Ga masunci da mai fito kuwa kowanne da halinsa, kuma halin yana tattare da siffar da aka ƙera shi a kai.

Sanin wannan bambanci yana iya zama sanadin tsira. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya dare a kogin Neja a kan hanyarsa ta zuwa Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, kuma kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, suka rasu a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara. A nan Adamawa ma, cikin Satumba na 2023, kwalekwale ya kife a tafkin Njuwa kusa da Yola, bayan 'yan kwanaki wani ya kife a Gurin, cikin ƙaramar hukumar Fufore.

Duk lokacin da irin haka ta faru akan ambaci lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da tsufan jirgi, da rashin rigar kariya. Dukkansu gaskiya ne. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne yadda waɗannan abubuwa suke cin jirgi, da dalilin da ya sa nauyin da wani kwalekwale zai ɗauka lafiya yake kifar da wani.

Ruwa yana ɗaukar gwargwadon abin da aka ture masa

Ƙa'idar farko tsohuwa ce. Arkimidis, masanin lissafi na Girkawa da ya rayu a tsibirin Sisili fiye da shekara 2,200 da suka wuce, shi ya bayyana cewa duk abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa nauyin. Lita ɗaya ta ruwan kogi tana da nauyin kilo ɗaya. Saboda haka jirgin da nauyinsa da na kayansa ya kai kilo 2,000 dole ya nutse har ya ture lita 2,000 kafin ya tsaya.

Daga nan ana iya yin lissafi mai sauƙi. A ɗauki kwalekwale mai tsawon mita 10 da faɗin mita ɗaya da rabi a tsakiya. Tun da goshinsa da gindinsa sun tsuke, filin da ya mamaye a fuskar ruwa zai kai kamar murabba'in mita 10. Irin wannan jirgi yana ƙara nutsewa da santimita ɗaya a duk kilo 100 da aka ɗora masa. A ƙaddara cewa in babu kowa a ciki akwai ratar santimita 40 tsakanin bakinsa da ruwa. Manya 20, kowanne kilo 60, sun cinye santimita 12. Buhu 10 na masara, kowanne kilo 100, sun cinye wasu 10. Babur uku sun tafi da kamar 3. Saura santimita 15, wato ƙasa da taƙi ɗaya na hannun babban mutum.

Wannan rata ita ce ajiyar jirgi. Da santimita 40, sai jirgin ya karkata kusan digiri 28 kafin bakinsa ya taɓa ruwa. Da santimita 15 kuwa, karkatar digiri 11 kacal ta isa. Mutum uku su miƙe tsaye a gefe guda, ko igiyar wani jirgi mai inji ta doke shi a kwiɓi, ruwa ya samu ƙofa.

Tsawo yana ba da gudu, faɗi yana ba da zama

Jirgin da ke tafiya cikin ruwa yana tayar da igiya a goshinsa, kuma yana ƙara sauri igiyar tana ƙara tsawo. Idan tsawonta ya kai tsawon jirgin, sai gindinsa ya zauna a kwarin igiyar, goshinsa ya ɗaga, ya zama kamar mai hawan tudun da shi ya tara wa kansa. Injiniyan Ingila William Froude, wanda ya gina kududdufin gwajin ƙananan jirage a Torquay a farkon shekarun 1870, shi ya kafa lissafin da ake auna wannan da shi har yau. A bisa ƙiyasin da aka saba, jirgi mai mita 4 yakan fara jin wannan cikas a gudun kilomita 9 cikin awa, mai mita 9 a kilomita 13 da rabi, mai mita 16 a kilomita 18. Wato sai an ninka tsawo sau huɗu kafin gudun ya ninka sau biyu.

Siririn jirgi yana tayar da ƙaramar igiya, saboda haka yana iya zarce wannan iyaka ba da wahala mai yawa ba. Shi ya sa kwalekwalen tsere, irin wanda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, yake dogo mara faɗi. Dogon jirgi kuma yana riƙe hanya, ba ya karkacewa a duk bugun filafili. Aibinsa shi ne nawar juyawa. A ƙaramin rafi mai kwana da yawa, ko tsakanin ciyayin fadama inda masunci ke kafa taru, gajeren kwalekwale ya fi biyan buƙata.

Faɗi shi ne gatan mai son zama lafiya a kan ruwa. Idan jirgi ya karkata, gefen da ya nutse yakan ture ƙarin ruwa, ruwan kuma ya tura shi sama ya mayar da shi daidai. Wannan taimako na fuskar ruwa yana ƙaruwa da sauri ƙwarai in an ƙara faɗi. Ƙarin kashi ɗaya bisa huɗu, misali daga mita 1.2 zuwa mita 1.5, yana kusan ninka shi, ninka faɗin kuwa yana kai shi ninki takwas. Sai dai jirgi mai faɗi yana da nauyin tuƙi, yana shan mai, kuma a kan ruwa mai igiya yakan bi karkatar kowace igiya ya girgiza mutanen ciki.

A nan ne kwalekwalen sassaƙe ya gamu da iyakarsa, domin faɗinsa ba zai wuce kaurin gungumen da aka sassaƙa ba. Da manyan itatuwa irin su maɗaci da kawo da maje suka yi ƙaranci, kuma katako da ƙusa da injin tuƙi suka yawaita, sai maƙeran jirage suka koma haɗa faffaɗan kwalekwale na katako wanda ke ɗaukar kaya da yawa. An samu faɗi, amma an samu sabon rauni: kowace mahaɗar katako wuri ne da ruwa zai iya tsattsafowa, kuma dogon jirgin da ba shi da isassun haƙarƙari a ciki yana iya tsagewa in nauyi ya taru a tsakiya ko ya daki kututture.

Ƙasan jirgi kala uku

Abin da fasinja ba ya gani, wato ƙasan jirgi, shi ya fi yin hukunci. Kala na farko shi ne shimfiɗaɗɗe, wanda ya fi yawa a jiragen katako na Neja da Binuwai. Ba ya buƙatar ruwa mai zurfi, yana bi ta kan tudun yashi da rani, yana hawa gaɓa cikin sauƙi, kuma wanda ya shiga yakan ji kamar a ɗaki yake. Wannan jin daɗi yana da yaudara. Jirgin yana tirjiya sosai a farkon karkata, amma da zarar gefe ɗaya na ƙasansa ya ɗago daga ruwa, ragowar ƙarfinsa kaɗan ne, kuma kifewar takan zo farat ɗaya. A kan igiya kuma ƙasan yakan riƙa dukan ruwa da ƙarfi, dukan da ke sassauta ƙusoshi a hankali.

Na biyu shi ne kewayayye, irin na kwalekwalen sassaƙe. Yana rangaji da zarar an sa ƙafa, har baƙo ya tsorata. Amma yana sulɓi cikin ruwa da ƙaramin ƙarfi, kuma igiyar da ta zo ta gefe takan wuce ta ƙarƙashinsa ba tare da ta karkatar da shi sosai ba. Yana buƙatar gwani da fasinjojin da za su zauna ƙasa su natsu.

Na uku shi ne mai ƙirji, wanda ƙasansa ya yi tsini kamar ƙirjin zabo. Shi ake yawan gani a jiragen faiba masu gudu. Yana yanka igiya, yana riƙe hanya, ba ya dukan ruwa kamar shimfiɗaɗɗe. Amma yana son zurfi, kuma a kogin da yashinsa ke ƙaura duk shekara kamar Binuwai yana saurin dukan ƙasa. Da yawa daga cikin maƙera sukan haɗa biyu: tsini a goshi don yankan igiya, shimfiɗa a baya don ɗaukar kaya.

Bangon jirgi ma yana da nasa aikin. Idan ya buɗe waje yana hawa sama, kamar bakin akushi, to jirgin yana ƙara faɗi a duk lokacin da ya ƙara nutsewa ko ya karkata, kuma bangon yana watsar da feshin ruwa waje. Bango miƙaƙƙe ba shi da wannan ajiya.

Goshi da lanƙwasa

Idan aka aje jirgi a ƙasa aka dube shi daga gefe, za a ga ko dai ƙasansa ya kwanta sambal daga goshi zuwa gindi, ko kuma ya lanƙwashe ya ɗaga a ƙarshe biyu kamar jinjirin wata. Miƙaƙƙe ya fi gudu a ruwa mai kwanciya. Lanƙwasasshe ya fi saurin juyawa, kuma goshinsa yana hawa igiya maimakon ya soke cikinta.

Wanda ya ga jiragen masunta a gaɓar Gana, waɗanda ake sassaƙa gindinsu daga itacen wawa, ko dogayen jiragen Sanagal masu tsini gaba da baya, ya ga wannan dabara a fili. Kullum sai sun keta igiyar teku mai fashewa kafin su fita su, saboda haka aka ɗaga musu goshi aka lanƙwasa musu ciki. Kwalekwalen kogi ba ya fuskantar haka, shi ya sa aka bar shi a kwance da ƙaramin goshi.

Matsala takan taso in ruwa ya sauya hali jirgi bai sauya ba. Girman igiyar da iska ke tayarwa ya dogara ga ƙarfin iskar, da daɗewarta, da nisan da ta yi tana busawa a kan buɗaɗɗen ruwa. Kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, Neja a tsakanin Yauri da Bussa kogi ne mai tsibirai da duwatsu. Bayan haka ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, da faɗin da ya zarce kilomita 20 a wasu wurare, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a ƙarƙashi. Guguwar farkon damina tana tayar da igiya a irin wannan fili da ba ta tashi a kogi. Haka abin yake, a ƙaramin mataki, a madatsar Kiri da ke kan Gongola, da kuma Binuwai in ya batse ya shafe fadama, musamman a shekarun da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru kamar 2012 da 2022.

Darasi daga masu hawan igiyar teku

Babu inda aka tsananta nazarin dangantakar siffa da igiya kamar a wasan hawan igiyar teku, inda mutum ke tsayawa a kan allo igiya ta ɗauke shi zuwa gaɓa. Wasan ya shiga gasar Olamfik a wasannin Tokyo da aka yi a 2021, kuma a 2024 an yi shi a Teahupo'o da ke tsibirin Tahiti, fiye da kilomita 15,000 daga birnin Paris mai masaukin baƙi. An fi danganta shi da mutanen Hawai, amma Afirka ta Yamma tana da nata tarihin. Matafiya Turawa sun rubuta ganin yara a kan alluna a gaɓar ƙasar da ake kira Gana yanzu tun shekarun 1640, wani kuma ya bayyana irin haka a Akara a 1834. A yau matasa suna yin wasan a Tarkwa Bay da ke Legas.

Masu ƙera allon suna auna cikarsa da lita, domin ita ke nuna nauyin da zai iya ɗauka a tsaye. Dogon allo, mai ƙafa 9 ko fiye, wato kamar mita 2.7, yakan kai lita 60 zuwa sama. Yana da zama, yana saurin tafiya in ana tuƙa shi da hannu, yana kama ƙaramar igiya tun kafin ta miƙe, saboda haka da shi ake koyo. Juyawarsa ce ke da nawa, daidai da dogon kwalekwale.

Gajeren allo, wanda bai kai mita biyu ba, yakan tsaya a lita 25 zuwa 35. Mutum mai kilo 70 in ya zauna a kansa sai ya nutse har ciki, domin lita 30 ba ta ɗaukar kilo 70. Gudu ne ke ɗaga shi. Da igiya ta tura shi, ruwan da ke dukan ƙasan allon yakan cilla shi sama ya riƙa sulɓi a fuskar ruwa, kamar yadda faffaɗan dutse ke tsalle in yaro ya jefa shi a kan tafki. Jirgin faiba mai babban inji ma haka yake yi in ya ɗaga goshi ya miƙe. Wannan ɗagawa tana ƙarewa da zarar gudu ya tsaya, shi ya sa jirgi mai lodi da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa yake zama ƙasa nan take, igiyar da ya tayar ta biyo shi ta baya.

Lanƙwasar allo tana bin ƙa'idar da ta shafi jirgi. Mai kwance ya fi gudu a kan igiya mai laushi, amma a kan igiya mai tsayi da gangara hancinsa yakan soke ya jefar da mai shi. Mai lanƙwasa yana shiga cikin kwarin igiyar ya zauna daidai. Gefen allo in ya yi kauri da kewaya yana yafe kuskure, in ya yi kaifi yana sakin ruwa da sauri ya ƙara gudu. Wutsiya mai faɗi tana ɗaga allo a ƙaramar igiya, mai tsini kuma tana nutsewa ta riƙe ruwa. Don haka allon manyan igiyoyi yake dogo, siriri, mai tsini gaba da baya: tsawon yana ba mai shi gudun da zai cim ma igiyar, tsinin yana hana allon zamewa.

A 1935 Ba'amurke Tom Blake ya maƙala wa allo wani ɗan fiffike a ƙasa, irin na kifi, wanda ya hana wutsiya gocewa gefe. A 1980 Simon Anderson na Ostareliya ya fito da tsarin fiffike uku, wanda har yau shi ya fi yawa a gasa. Babban abin lura shi ne cewa gwanayen wasan ba sa dogara da allo ɗaya. Sukan duba ruwan ranar kafin su zaɓi wanda za su ɗauka, domin duk siffar da ta ba da wani abu ta hana wani.

Gwanintar da ke gida

Wannan sani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da katako a zurfin kamar mita biyar. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, ya zama kwalekwale mai tsawon mita 8.4 da faɗin rabin mita, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka gano a Afirka. Tsawonsa ya ninka faɗinsa kusan sau 17, goshinsa da gindinsa kuma an sassaƙa su da tsini. Wanda ya ƙera shi ya san abin da siriri da tsini suke yi a cikin ruwa.

A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2016, masunci yakan kifa cikinsa a kan babbar gora ya shiga Matan Fada da koma a hannu. Gora kewayayya ce ta kowane gefe, ba ta da goshi ba ta da gindi. Ba ta gudu, amma tana juyawa duk inda ake so nan take, tana ɗaukar mutum, kuma cikinta ma'ajiyar kifi ce. A tafkin Cadi, Buduma sun daɗe suna ɗaure ciyawar ruwa su yi jirgi mai ɗagaggen goshi, wanda ko ruwa ya hau kansa sai ya tsiyaye ta tsakanin ciyawar. Kowace siffa amsa ce ga irin ruwan da take ciki da aikin da ake so ta yi.

Yadda lodi ke rushe siffa

Duk kyan ƙirar jirgi, yadda aka loda shi yana iya ɓata ta. Bayan cinye rata da aka lissafa a sama, akwai batun tsayin nauyi. Nauyin da ke ƙasa yana taimakon jirgi ya koma daidai, wanda ke sama yana taimaka masa ya faɗi. Buhunan da aka tara har suka zarce baki, da baburan da aka tsayar, da mutanen da ke zaune a kan kaya ko a tsaye, duk suna ɗaga cibiyar nauyi. Kilo 1,000 a shimfiɗe a ƙasan jirgi da kilo 1,000 a tule a sama nutsewarsu ɗaya ce, amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Sai kuma ruwan da ya shiga ciki. Santimita biyar kacal a kan daɓe mai murabba'in mita takwas lita 400 ce, wato kilo 400. Buhu yana zama inda aka aje shi, ruwa kuwa yana gangarawa zuwa gefen da ya riga ya karkata ya ƙara danna shi. Abin ya fi muni a faffaɗan jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, domin ruwan yana da filin gudu. Dabbobi da mutanen da suka firgita haka suke yi. Yaron da ke kwarfe ruwa da ƙwarya ko bokiti yana cikin masu riƙe da ran jirgin.

Rabon nauyi tsakanin gaba da baya ma yana da tasiri. In goshi ya yi nauyi sai ya soke cikin igiya, in gindi ya yi nauyi, ga kuma inji a can, igiyar baya takan hau. Gwanin matuƙi yakan rage gudu ya tari igiya da kafaɗar goshi, ba ya ba ta kwiɓi.

Doka da idon fasinja

Manyan jiragen teku sun daɗe da maganin lodi. Bayan fafutukar ɗan majalisar Birtaniya Samuel Plimsoll, dokar 1876 ta wajabta zana layi a jikin jirgi, wanda in ruwa ya rufe shi kowa ya san an wuce kima. Fenti da goga kawai wannan dabara take buƙata, kuma babu abin da zai hana ƙungiyoyin masu fito da sarakunan ruwa su yi wa kowane kwalekwalen haya irin wannan alama, tare da rubuta yawan mutanen da zai ɗauka.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, kuma take ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Ruwa da Tattalin Arzikin Teku da aka ƙirƙiro a 2023, tana da ƙa'idojin da suka hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, suka kuma wajabta sanya rigar kariya. Amma mashigai suna da yawa, jami'ai ba sa kowane wuri, saboda haka fasinja ne ke yanke hukuncin ƙarshe kafin ya sa ƙafa.

Abubuwan da zai duba ba su da wuya. Ya kalli ratar da ta rage tsakanin baki da ruwa bayan an gama lodi, in ba ta kai taƙi ɗaya ba ya jira na gaba. Ya leƙa daɓe ya ga ko ruwa ya taru tun kafin a tashi. Ya lura ko kaya sun zarce baki, da ko an bar hanyar kwarfe ruwa. Ya dubi gabas, in hadari ya haɗu ya haƙura. Ya nemi rigar kariya ya ɗaure ta tun a gaɓa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In an tashi ya zauna ƙasa, kuma ko jirgi ya yi rangaji kada ya miƙe ko ya ruga gefe guda. Idan ƙaddara ta sa jirgin katako ya kife, yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya in babu kaya masu nauyi maƙale da shi, saboda haka riƙe shi ya fi wa wanda bai iya iyo ba a kan neman gaɓa.

Matafiyin da ya sauko daga Duvu ko Gella ba ya buƙatar ya zama masunci kafin ya san wannan. Minti biyu na dubawa a bakin ruwa, da haƙurin jiran jirgi na gaba, sun fi kuɗin fito daraja.